Bakteriyar da ta buɗe wa gishiri ƙofa: abin da kundin gadon Salinibacter ruber ya bayyana

A gaɓar Bahar Rum, kusa da garin Santa Pola a lardin Alikante na ƙasar Sifaniya, akwai jerin kududdufai masu faɗi marasa zurfi da ake shanya ruwan teku a cikinsu domin a fitar da gishiri. Ana janyo ruwan zuwa kududdufi na farko, rana da iska su yi ta tsotsarsa, sannan a tura shi na gaba. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita. Yayin da yake ƙafewa, sinadarin alli ne ke fara kwantawa a ƙasa, jifsam ya biyo baya, sai ruwan ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma na yadda ya shigo kafin gishirin ci ya fara daskarewa. A wannan kududdufi na ƙarshe gishirin ya haura giram 300 a lita. Babu kifi, babu tsiro. Amma ruwan ja ne, wani lokaci jawur, kuma wannan jan alama ce ta rai: a cikin mililita ɗaya akan sami ƙananan halittu miliyan goma ko fiye da haka.

Masana sun daɗe suna ganin sun san masu gidan. Akwai wata gansakukar ruwa mai ƙwayar jiki ɗaya, Dunaliella salina, wadda ke tara sinadarin launin ruwan lemo. Sauran kuwa ana cewa duk arkiya ne. Arkiya ƙananan halittu ne da suka yi kama da bakteriya idan an leƙa su a na'urar hangen ƙananan halittu, amma a shekarar 1977 Carl Woese ya nuna cewa reshe ne na rayuwa mai zaman kansa, wanda ya rabu da bakteriya tun biliyoyin shekaru. Kitsen da suke gina tantanin jikinsu da shi daban ne, hanyar da suke karanta bayanan gadonsu ma daban ce. Halobacterium salinarum, duk da sunanta, cikinsu take. Haka ma Haloquadratum walsbyi, mai siffar murabba'i, siririya ƙwarai, wadda Anthony Walsby ya fara gani a wani tafkin gishiri a yankin Sinai na Masar, ya ba da rahotonta a 1980. Ra'ayin da ya zauna shi ne, idan gishiri ya kai ga daskarewa, bakteriya ta gaskiya ba ta da wani abin a zo a gani a wurin.

Wannan ra'ayi yana da dalilinsa, kuma sai an fahimci dalilin za a ga girman abin da aka gano daga baya.

Kowace ƙwayar halitta a lulluɓe take da tantani wanda ruwa ke iya ratsawa, amma gishiri ba ya wucewa cikin sauƙi. Ɗabi'ar ruwa ce ya bi ta irin wannan tantani zuwa ɓangaren da ya fi kauri da narkakkun abubuwa. Idan aka jefa bakteriya ta yau da kullum cikin ruwan gishiri mai ƙarfi, ruwan jikinta zai fice waje, ta yamutse, ayyukan cikinta su tsaya. Shi ya sa gishiri ke hana nama ko kifi ruɓewa. Duk halittar da za ta zauna a irin wannan ruwa dole ta sa cikinta ya yi kauri daidai da waje. Hanyoyi biyu ne kawai aka sani.

Hanya ta farko ita ce a tsare ƙofa, a hana gishiri shiga, sannan a cika ciki da wasu ƙananan sinadarai da ba sa cutar da furotin. Dunaliella tana tara giliserol. Bakteriyar Halomonas elongata tana ƙera ektoyin, sinadarin da aka fara ganowa a 1985, wanda a yau ake noman bakteriyar a masana'anta domin a tatse shi a sa a man shafawa. Amfanin wannan hanya shi ne sassauci. Idan aka yi ruwan sama gishiri ya ragu, halittar ta zubar da rarar sinadarin. Idan ya ƙaru, ta ƙara ƙerawa. Matsalarta tsada. Kowace ƙwayar ektoyin sai an kashe abinci da makamashi kafin a gina ta, kuma yawan da ake bukata yana hawa tare da gishirin waje. Aharon Oren na Jami'ar Hebrew da ke Kudus ya yi lissafin wannan tsadar a 1999, ya nuna yadda take taƙaita irin halittun da za su iya kaiwa ga ƙololuwar gishiri. Dunaliella tana iya biya domin daga hasken rana take haɗa abincinta, kuma giliserol yana cikin mafi arha a irin waɗannan sinadarai. Halittar da ke jiran ragowar abincin da wasu suka bari kuwa, da wuya ta iya.

Hanya ta biyu ita ce ta arkiyan gishiri: a buɗe ƙofa. Ana tura sodiyom waje, a shigo da fotasiyom da kuloraid, har cikin jiki ya yi gishiri kamar waje. Tura sinadari ta tantani ya fi ƙera sabon sinadari arha nesa ba kusa ba. Sai dai abin da ake biya a nan ya fi nauyi ta wata fuska. Furotin na yau da kullum ba ya jure irin wannan gishirin, domin gishirin yana ƙwace ruwan da ke kewaye da shi, sai furotin ɗin ya manne da ɗan'uwansa su dunƙule su daina aiki. Saboda haka halittar da ta zaɓi wannan hanya sai ta sake fasalin kusan dukkan furotin ɗin jikinta, dubbai, ɗaya bayan ɗaya, cikin dogon zamani. Ana lulluɓe bayansu da amino asid masu tsami, wato asfatet da gulutamet, masu cajin nagetif da ke riƙe ruwa da fotasiyom a jikinsu, a kuma rage laisin. Da zarar an yi haka an ɗaure kai. Idan gishiri ya ragu, cajin nan na nagetif za su riƙa ture juna, furotin ya warware. An san wasu bakteriya marasa shaƙar iskar oksijin, dangin Halanaerobiales, da ke tara fotasiyom a cikinsu, amma a saman kududdufin daskarewa, inda ake rayuwa da oksijin, ana ganin filin na arkiya ne su kaɗai.

A shekarar 2000 Josefa Antón ta Jami'ar Alikante da abokan aikinta suka wallafa sakamakon da ya girgiza wannan ra'ayi. Maimakon su shuka ruwan a faranti su jira abin da zai tsiro, sai suka bi sawun bayanan gado kai tsaye. Suka haɗa wata alama mai walƙiya da ke manne wa wani jerin gado na musamman, suka zuba ta a ruwan kududdufi, suka leƙa. Sai ga siraran halittu masu siffar sanda suna haske, kuma bakteriya ne na gaskiya. Ba 'yan tsiraru ba ne: a kududdufan daskarewa na Sifaniya sun kai daga kashi 5 zuwa kashi 25 cikin ɗari na dukkan ƙananan halittun. Bayan shekara biyu, a 2002, aka ba da rahoton cewa an yi nasarar raba su an rene su a ɗakin gwaji, daga kududdufan Alikante da na tsibirin Mayorka, aka raɗa musu suna Salinibacter ruber.

Abin da ya sa aka daɗe ba a lura da ita ba yana da ban sha'awa. A kan farantin gwaji tana tsirowa ja, kamar yadda arkiya ke tsirowa, a kan abinci iri ɗaya da gishiri iri ɗaya. Mai bincike da ya ga jan ɗigo a faranti mai cike da gishiri ba shi da dalilin tsammanin wani abu daban. Kamannin ne ya ɓoye ta.

Da aka auna ta, kamannin ya wuce launi. Ba ta girma idan gishiri bai kai kusan giram 150 a lita ba, wato fiye da ninki huɗu na ruwan teku, kuma ta fi jin daɗi tsakanin giram 200 da 300. Da oksijin take rayuwa, amino asid na cikin abincin da ta fi so, kuma tana bukatar kuloraid sosai. Da Oren da abokansa suka auna abin da ke cikinta, suka tarar da fotasiyom mai yawan gaske, sinadaran kariya irin su betayin kuwa kaɗan ne ƙwarai, ba za su isa su tare komai ba. Ke nan ta buɗe ƙofa, kamar arkiya. Cikin danginta kuma akwai waɗanda ba mazauna kududdufin gishiri ba ne: mafi sananne cikinsu ita ce Rhodothermus marinus, mai son zafi, wadda aka samo a maɓuɓɓugan ruwan zafi na gaɓar tekun Iceland. Da farko an sa Salinibacter cikin babban rukunin Bacteroidetes, daga baya aka ware ta da danginta zuwa rukuni na kansu.

Tambayar da ta biyo baya a fili take. Shin ita da kanta ta kai ga wannan dabara, ko aro ta yi wurin maƙwabta? Bakteriya da arkiya suna iya karɓar guntun DNA daga wata halitta da ba ta haife su ba, ta hanyar ƙwayoyin bairos, ko ta haɗiye DNA da ya watse a ruwa. Amsar sai an karanta kundin gadonta gaba ɗaya, wato dukkan bayanan da ke rubuce a DNA ɗinta.

A ƙarshen 2005 Emmanuel Mongodin na cibiyar TIGR a Amurka, tare da masana irin su Ford Doolittle da Francisco Rodríguez-Valera, suka wallafa cikakken kundin gadon nau'in da ake kira M31 a mujallar PNAS. Babban zoben DNA ɗinta yana da haruffa kimanin miliyan 3.55, ga kuma wani ƙaramin zobe mai haruffa kusan 35,500. Ƙwayoyin gadon da ke ba da umarnin ƙera furotin sun kusa 3,000. Wannan matsakaicin kundi ne, bai kai na Escherichia coli mai haruffa miliyan 4.6 ba. Da haruffa iri huɗu ake rubuta DNA, kuma kashi 66 cikin ɗari na haruffanta G ne da C, kusan daidai da na Halobacterium, wadda aka karanta nata kundin a 2000. Yana da sauƙi mutum ya ɗauka cewa yawan G da C sharaɗi ne na zama a gishiri, amma Haloquadratum, da ke iyo a ruwa ɗaya da su, nata bai wuce kashi 48 ba. Saboda haka bai kamata a ɗora wa wannan adadi nauyin da ba zai iya ɗauka ba.

Abin da ya fi nauyi shi ne yanayin furotin ɗinta. Ana iya lissafa wa kowane furotin wani maki da ke nuna ko ya karkata ga tsami ko ga kishiyarsa; gwargwadon ƙanƙantar makin, gwargwadon tsaminsa. A bakteriya ta yau da kullum, idan aka zana makin dukkan furotin ɗinta, sai a ga tudu biyu, ɗaya a ɓangaren tsami ɗaya a ɗaya ɓangaren. A Salinibacter tudun na biyu ya shafe sosai, mafi yawan furotin sun tattaru a ɓangaren tsami, tsaka-tsakinsu kusa da maki 5. Arkiyan gishiri sun ɗan fi ta gangarawa, amma siffar zanen ɗaya ce. Kuma mafi yawan waɗannan furotin, idan aka bi asalinsu, na gidan bakteriya ne. Ba a aro su daga ko'ina ba. Ita ce ta gaje su daga kakanninta, gishiri ya yi ta tace su, canji bayan canji, har suka yi tsami.

Aikin kuma bai game ko'ina daidai ba, kuma wannan na cikin abubuwan da suka fi burge ni a labarinta. Wasu sinadaran aikinta ba sa motsi sai da gishiri. Amma a 2004 Dominique Madern da Giuseppe Zaccai sun binciki ɗaya daga cikinsu, malet dihaidirojines, suka tarar yana zaune lafiya ko babu gishiri, yana nuna hali irin na furotin ɗin halittar da ba ta taɓa sanin kududdufi ba. Jikinta ɗaya yana ɗauke da furotin da suka miƙa wuya ga gishiri gaba ɗaya da waɗanda kawai suke jure shi.

To ina aron? Akwai shi, kuma inda ya fi fitowa fili shi ne wajen amfani da haske.

Ruwa mai gishiri sosai ba ya riƙe oksijin da yawa, ga zafi, ga cinkoson masu shaƙa. Abin da ke wadace a kududdufi shi ne rana. A 1971 Dieter Oesterhelt da Walther Stoeckenius suka gano wani furotin mai launin shunayya a tantanin Halobacterium, bakteriyorodofsin. A tsakiyarsa akwai retinal, sinadarin da ke cikin idon ɗan Adam ma. Idan haske ya bugi retinal sai ya lanƙwashe, wannan lanƙwasar ta tura ƙwayar haidirojin mai caji zuwa waje. Haidirojin ɗin da ya taru a waje yana neman komawa ciki, kuma a hanyar komawarsa ne yake juya injin da ke ƙera ATP, sinadarin da kowace halitta ke gudanar da ayyukanta da shi. Makamashi ne daga rana ba tare da koren ganye ba.

A kundin Salinibacter an sami ƙwayoyin gado huɗu na irin wannan furotin. Uku daga cikinsu irin na arkiyan gishiri ne, waɗanda kafin lokacin ba a taɓa bayyana su a kundin wata bakteriya ba. Ɗaya ya yi kama da halorodofsin, famfon da ke amfani da haske ya shigo da kuloraid cikin jiki, abin da halitta mai tara gishiri ke matuƙar bukata. Biyu kuma na jin haske ne, suna aika saƙo ga zaren da take iyo da shi domin ta nufi hasken da ke amfanarta ta kauce wa mai ƙuna. An kuma ga wani yanki na kundin inda ƙwayoyin gadon shigar da fotasiyom da fitar da shi da na jigilar amino asid suka taru wuri guda, wasunsu da alamar asalin arkiya a jikinsu. Zama da maɗaukin kanwa, in ji masu magana, shi ke kawo farin kai.

Na huɗun ne ya fita daban. Danginsa suna cikin bakteriya, kuma a 2005 Sergei Balashov da Janos Lanyi da abokan aikinsu suka bayyana shi a mujallar Science da sunan zantorodofsin. Famfon haidirojin ne kamar bakteriyorodofsin, amma da ƙari. A gefensa akwai wani lungu da wani dogon sinadarin launi, salinizantin, ke kwanciya a ciki, ɗaya ga kowane furotin. Retinal yana kama koren haske ne galibi. Salinizantin yana kama mai shuɗi-shuɗi wanda da zai wuce a banza, ya miƙa wa retinal kimanin kashi 40 cikin ɗari na makamashin da ya kama. Masana suna kiran wannan eriya. Tsirrai da gansakuka suna da eriyoyi masu ɗauke da sinadarai da yawa. Wannan kuwa furotin ɗaya ne da sinadari ɗaya, kuma shi ne karo na farko da aka ga eriya a jikin furotin mai retinal. A 2008 aka fitar da cikakken hoton gininsa, aka ga yadda zoben da ke kan salinizantin ya kwanta dab da retinal.

Salinizantin ɗin nan shi ne ke ba bakteriyar launinta, yana kuma kare ta daga ƙunar rana. Jan arkiya kuwa daga bakteriyoruberin yake, mai ƙwayoyin kabon 50, alhali ƙashin bayan salinizantin 40 ne, da suga da kitse manne a jikinsa. Ido yana ganin ja ɗaya, sinadaran biyu ne, kowanne da hanyar ƙera shi.

Idan aka tara lissafin, aron bai kai yadda mutum zai zata ba. Mongodin da abokansa da kansu sun ce adadin ƙwayoyin gadon da suka ƙetara tsakanin Salinibacter da arkiya matsakaici ne, kuma binciken da ya biyo baya a 2010 ya tsaya kan kusan 40. Arba'in cikin kusan 3,000. A ganina, nan ne ake yawan karkatar da labarin. Ƙetarewar gado daga arkiya zuwa bakteriya abu ne mai ɗaukar hankali, shi ya sa ake sa shi gaba. Kuma gaskiya ne cewa waɗannan 'yan ƙalilan suna da tasiri fiye da yawansu, domin famfon kuloraid ɗaya yana iya sauya lissafin makamashin halitta gaba ɗaya. Amma famfon da ke cika ciki da gishiri guba ne ga halittar da furotin ɗinta bai shirya ba. Babban aikin, mai cin lokaci, shi ne wanda ba a iya arowa: sake fasalin dubban furotin na gida. Aron ya amfani wadda ta riga ta yi nisa a tafiyar.

Dangantakarta da maƙwabtan ba ta tsaya ga gado ba. Giliserol ɗin da Dunaliella ke tarawa yana zuba cikin ruwa idan ta yi yoyo ko ta mutu, kuma yana cikin manyan hanyoyin abinci a kududdufi. An nuna a ɗakin gwaji cewa Salinibacter tana ƙona wani ɓangare na giliserol rabi da rabi, ta fitar da wani sinadari, daihaidiroksi-asiton, wanda Haloquadratum ke da na'urar ɗauka ta ci. Ba a Sifaniya kaɗai take ba. An gano ta ko danginta na kusa a tafkin Tuz na Turkiyya, da kududdufan gishiri na Sfax a Tunisiya, da na Maras a tsaunukan Andes na Peru.

Binciken na 2010, wanda Arantxa Peña da abokan aikinta suka yi, ya buɗe wata ƙofa da ta fi batun aro muhimmanci. Sun karanta kundin wani nau'i na biyu, M8, wanda aka ɗebo daga kududdufi ɗaya da M31 a Mayorka, a lokaci ɗaya. Idan aka duba jerin gadon da aka saba tantance bakteriya da shi, babu bambanci tsakaninsu. Duk mai rarraba halittu zai ce abu ɗaya ne. Amma kusan kashi 10 cikin ɗari na ƙwayoyin gadon M8 babu su a M31. Bambancin kuma bai warwatsu ko'ina ba, ya tattaru a wasu yankuna na kundin da ke saurin canzawa, kuma da yawa daga cikin abin da ke waɗannan yankunan ya shafi abin da ke lulluɓe bayan halittar: sugogi da sauran sinadaran da ke fuskantar waje.

Dalilin da ya fi ƙarfi shi ne bairos. A kududdufin daskarewa, halittun da suka saba farautar bakteriya su haɗiye sun yi ƙaranci ƙwarai saboda gishiri. Bairos kuwa suna nan birjik, yawansu a irin wannan ruwa yana cikin mafi girma da aka auna a kowane ruwa. Bairos ba ya shiga sai ya gane wata alama a bayan wadda zai kama, ya manne mata. Nau'in da ya sauya suturarsa ya tsira daga wannan bairos, ko da zai faɗa hannun wani. Da aka gwada M8 da M31 da bairos na ruwan kududdufi, ba su amsa iri ɗaya ba, kuma da aka haɗa su a kwalba ɗaya sun yi gasa, ɗaya na danne ɗaya gwargwadon yanayin gishirin. Nau'o'in da aka karanta bayan haka sun ci gaba da zuwa da ƙwayoyin gadon da ba a gani a na baya ba, yayin da gadon da ke riƙe da rayuwar gishiri, na famfuna da furotin masu tsami, ya kasance kusan iri ɗaya a jikin dukkansu.